Tsayayyen Aiki ko Intafes: Wanne Ya Dace da Manhajarka?

A ranar 1 ga Yuli 2020 harajin kayan saye a Saudiyya, wanda kowa a nan yake kira dariba, ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 15. Yayana yana da shago a Makka, wajejen Shara Mansur, inda yake sayar da jallabiya da turare da dabino, kuma ɗansa na fari, wanda a lokacin yake shekara ta biyu a karatun kwamfuta, shi ne ya rubuta masa 'yar manhajar buga fatura da harshen Java. A daren da sabon harajin zai fara aiki yaron ya buɗe kod ɗinsa, ya mayar da 5 ta zama 15 a wuri guda, ya kwanta hankalinsa kwance. Bayan kwana uku wani mutum ya dawo da jallabiya biyu na riyal 200 da ya saya a ƙarshen Yuni domin sun yi masa kaɗan, sai manhajar ta ce a mayar masa da riyal 230, alhali 210 ya biya. Riyal 20 ba za ta karya ɗan kasuwa ba, amma a shekarar korona ce, kasuwar Makka ta yi sanyi irin wanda ba a taɓa gani ba, saboda haka faɗan da yaron ya sha ya fi ƙarfin kuɗin.

Ya kira ni a Jidda yana cewa, "Baffa, ai wuri ɗaya na ajiye lissafin kamar yadda ake so, to ina laifina?" Laifinsa bai kai yadda mahaifinsa ya ɗauka ba, sai dai tambayar tasa ta taɓo abin da duk mai shirya manhaja bisa tsarin aji da abu yake cin karo da shi tun da wuri, wato wane aiki ne ya kamata a rubuta shi a matsayin tsayayyen aiki, wane ne kuma ya kamata a ɓoye shi a bayan intafes.

Aji a wannan sana'a kamar awon da tela yake yanka a kansa ne, abu kuwa shi ne rigar da aka ɗinka da wannan awo, kuma awo ɗaya yana iya fitar da riguna dubu. Yawancin ayyuka na abu ne, domin sai an sami wata fatura takamaimai kafin a tambaye ta jimillarta. Tsayayyen aiki, wanda ake sa wa kalmar `static` a gaba, na ajin ne kansa, ba ya jiran a ƙirƙiri wani abu: idan ka rubuta `Math.max(3, 7)` za ka sami 7 ba tare da ka gina komai ba. Intafes kuma yarjejeniya ce, jerin alkawura da ke faɗin sunan aiki da abin da zai karɓa da abin da zai dawo da shi, ba tare da bayanin yadda za a yi shi ba. Duk ajin da ya ɗauki alkawarin, shi zai cika shi ta hanyarsa.

Bambancin da ya fi kowanne nauyi a tsakaninsu shi ne lokacin da ake yanke shawarar wanda zai yi aikin. Idan ka kira tsayayyen aiki, ka riga ka ambaci sunan ajin a cikin kod, kuma kompaila, wato manhajar da ke juya rubutunka zuwa abin da na'ura take ganewa, tana ɗaure kiran da wannan aji tun kafin manhajar ta fara gudana. Idan ta hanyar intafes ka kira, shawarar tana jira har sai manhajar tana aiki, sannan a duba wane abu ne aka miƙo. Kamar mutum biyu ne da za su aika kaya daga Makka zuwa Jidda: na farko ya rubuta sunan direba guda a takarda ya ce in ba shi ba kada a ba kowa, na biyu kuwa ya ce a ba duk motar da ke kan layi muddin Jidda za ta. Na farko ya san wanda zai nema idan kaya suka ɓata, amma ranar da direbansa ya kwanta ciwo kayansa sun kwana a tasha. Duk sauran bambance-bambancen daga wannan suka samo asali.

Akwai ayyukan da sunan direba guda ya ishe su, kuma sun fi yawa fiye da yadda masu son ƙawata kod suke yarda. Lambar asusun banki ta IBAN a Saudiyya tana farawa da SA, tsawonta gurbi 24 ne, kuma ana tantance ta ta hanyar mayar da gurbi huɗu na farko zuwa ƙarshe, a juya haruffa su zama lambobi, a raba da 97, ragowar ta zama 1. Wannan lissafi ba shi da fuska biyu. Abin da ka ba shi yau a Makka, shi za ka ba shi baɗi a Kano ka sami amsa iri ɗaya, ba ya duba agogo, ba ya shiga intanet, ba ya taɓa rumbun bayanai. Haka duba cewa lambar rajistar haraji tana da gurbi 15, tana farawa da 3 tana ƙarewa da 3, haka mayar da riyal zuwa halala ta ninkawa da 100. Wanda ya gina wa irin waɗannan intafes da aji mai cika ta da wani aji mai ƙirƙirar wannan ajin, ya yi wa kansa aikin baban giwa, kuma ya wahalar da wanda zai karanta kod ɗin bayansa.

Misalin da na fi so shi ne hoton QR da ke ƙasan fatura. Tun 4 ga Disamba 2021, lokacin da hukumar zakka da haraji da kwastam ta fara matakin farko na faturar lantarki, dole ne faturar shago ta ɗauki wannan hoto, kuma a wancan matakin abin da ke cikinsa abu biyar ne: sunan mai sayarwa, lambar harajinsa, lokacin ciniki, jimillar kuɗi, da adadin haraji. Kowanne ana rubuta masa lambar shaida, sai tsawonsa, sai shi kansa, sannan a haɗe su a juya su zuwa tsarin Base64, wato hanyar rubuta bayanan na'ura da haruffa da lambobi na yau da kullum. Inda masu koyo suke zamewa shi ne tsawon, domin ba adadin haruffa ake ƙirgawa ba, adadin bayit, wato ma'aunin girman bayani a na'ura, ake ƙirgawa, kuma harafin Larabci bayit biyu yake ci a tsarin ajiye haruffa na UTF-8, saboda haka sunan shago mai harafi goma na Larabci tsawonsa 20 ne. Duk da wannan tarko, aikin tsantsar lissafi ne: ka ba shi abu biyar, ya ba ka rubutu ɗaya. Tsayayyen aiki guda mai layi kusan ashirin ya gama shi, kuma gwada shi ba ya buƙatar komai illa ka kwatanta amsarsa da wadda ka sani.

To, me ya sami ɗan yayana? Lissafin haraji shi ma tsantsar lissafi ne, babu laifi a tsayar da shi. Kuskuren shi ne ya binne kashin harajin a cikin aikin, ya ɗauki abin da hukuma take iya sauyawa da sanarwa guda ya mayar da shi kamar ninkawa da rabawa. Gyaran da muka yi ya raba abu biyun:

```
static long haraji(long halala, int kashi) {
    return (halala * kashi + 50) / 100;
}

interface TushenHaraji {
    int kashiARanar(LocalDate rana);
}
```

Lissafin ya zauna a tsaye, ba ya sanin komai sai abin da aka miƙa masa, tambayar "nawa ne kashin a rana kaza" kuma ta koma bayan intafes. Mai kaifin ido zai ce ai ba sai da intafes ba, tsayayyen aiki mai karɓar kwanan wata ya isa: kafin 1 ga Janairu 2018 babu haraji, daga nan zuwa ƙarshen Yuni 2020 kashi 5, bayan haka 15. Gaskiya ne, kuma da shagon Makka kaɗai ake magana da na bar shi haka. Abin da ya sa na zaɓi intafes shi ne yayana yana da abokin ciniki a Kantin Kwari da yake son amfani da manhajar, kuma Najeriya nata harajin daban ne, ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairu 2020. Da zarar amsa ta biyu ta bayyana a zahiri, ba a mafarki ba, intafes ta sami dalilin zama. Shi ma wannan 7.5 ya tilasta mana daga baya mu daina ajiye kashin a cikakkiyar lamba, amma wannan wani zance ne.

Inda babu gardama ko kaɗan shi ne biyan kuɗi. Kowa ya san tambayar da ake yi a bakin kanta, "kash ko shabaka?", wato kuɗi hannu ko ta na'ura, kuma a ƙarƙashin shabakar akwai katin banki na mada, akwai Apple Pay, akwai mai turowa ta banki ya nuna maka waya, ga kuma maƙwabci da zai ce a rubuta sai ƙarshen wata. Idan tsayayyen aiki ɗaya ne yake ɗauke da wannan duka, cikinsa zai cika da "idan kaza ne yi kaza, in kuma kaza ne yi kaza", kuma duk ranar da sabuwar hanya ta fito sai an buɗe shi an taɓa wurin da tsoffin hanyoyin suke, da haɗarin ɓata abin da yake lafiya lau. Da intafes mai suna `HanyarBiya`, mai alkawari biyu, karɓa da mayarwa, kowace hanya tana zaune a ajinta, kuma sashen da ke buga fatura bai san ma adadinsu ba.

Babbar ribar tana fitowa wajen gwaji. Ba zai yiwu a caji katin gaske duk lokacin da ake son tabbatar da cewa manhaja tana aiki ba, kuma ba za ka iya umartar banki ya ƙi karɓar kati don ka ga yadda kod ɗinka zai yi ba. Da intafes, sai ka rubuta ajin ƙarya mai layi biyar wanda kullum yake cewa "an ƙi", ka miƙa shi a madadin na gaskiya. Da tsayayyen aiki babu ƙofar da za ka shigo da na ƙaryar, tunda an ɗaure sunan tun farko. Akwai dabarun fasa wannan ɗauri: shekaru da yawa masu Java sun dogara da kayan gwaji mai suna PowerMock, sannan wani kayan gwajin mai suna Mockito ya kawo nasa a fitowa ta 3.4 a 2020. Suna aiki, kuma wanda ya gāji tsohon kod da ba zai iya sake ginawa ba zai gode musu, amma a ganina duk wanda yake rubuta sabon kod yau kuma ya tsinci kansa yana buƙatarsu, alama ce cewa ya tsayar da abin da bai kamata ya tsaya ba.

Agogo shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, domin `LocalDate.now()` yana kama da `Math.max` a ido, alhali amsarsa tana sauyawa kowane tsakar dare. Da wannan kira ne a cikin kod ɗin yaron, ta yaya zai gwada abin da zai faru ranar 1 ga Yuli tun yana cikin Yuni, in ba ya je ya juya agogon kwamfutar da hannu ba? Waɗanda suka tsara sabon sashen lokaci na Java 8 a 2014 sun san wannan, shi ya sa suka samar da `Clock`, wanda ake miƙa wa `now` a matsayin agogon da za ta duba, kuma `Clock.fixed` yana ba ka agogon da ya daskare a duk lokacin da ka zaɓa. `Clock` ba intafes ba ne, aji ne da ba a kammala ba, amma rawar da yake takawa ita ce dai: a miƙo daga waje, a iya musanyawa. Mu da muke zaune a ƙasar da ta sauya ranakun hutun mako daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar a 2013 bai kamata a tuna mana cewa har abin da ake gani kamar dutse yana motsi ba.

Wannan sashe na Java yana da wani darasi da ya shafe mu kai tsaye. Kalanda a cikinsa intafes ce mai suna `Chronology`, kuma akwai ajujuwa da ke cika ta: ta miladiyya, ta Japan, ta Taiwan, ta Thailand, da ta Hijira wadda aka gina a kan lissafin Ummul Ƙura da ake amfani da shi a nan. Kod ɗin da aka rubuta wa intafes ɗin yana iya buga kwanan fatura da kowacce. Amma idan kana son ka samo ɗaya daga cikinsu da suna, sai ka rubuta `Chronology.of("Hijrah-umalqura")`, kuma wannan `of` tsayayyen aiki ne da ke zaune a cikin intafes ɗin kanta. Ashe ba kishiyoyi ba ne da dole ɗaya ta fita kafin ɗaya ta shiga. Tsayayyen aikin yana tsaye a bakin ƙofa yana miƙo maka abu, abin kuma kana mu'amala da shi ta intafes.

Wannan zama tare bai daɗe ba. Kafin Java 8 intafes ba ta iya ɗaukar aiki mai jiki ko ɗaya, shi ya sa tun 1998 ake da intafes mai suna `Collection` da kuma wani aji dabam mai suna `Collections`, da ƙarin harafi ɗaya, wanda ba shi da wani amfani illa ya riƙe tsayayyun ayyukan da ba su da wurin zama. Java 8 ta buɗe ƙofar, daga nan aka sami irin `Comparator.comparing`, sannan `List.of` a Java 9 a 2017. Sai dai akwai iyaka biyu da suke ruɗa masu koyo. Ta farko, ajin da ya cika intafes ba ya gādon tsayayyun ayyukanta, dole a kira su da sunan intafes ɗin, dalili kuwa shi ne aji ɗaya yana iya cika intafes da yawa, kuma da ana gādo da an rasa na wa za a ɗauka idan sunaye suka zo ɗaya. Ta biyu, intafes a Java ba ta iya tilasta wa aji ya mallaki wani tsayayyen aiki. Ba za ka iya cewa "duk hanyar biya dole ta sami tsayayyen aiki mai suna kaza" ba, domin zaɓin wanda zai amsa kira yana buƙatar abu a hannu, tsayayyen aiki kuwa ba shi da abu. Ko a tsakanin aji da ajin da ya gāje shi, idan duka biyun suna da tsayayyen aiki mai suna ɗaya, na ɗan ba ya maye gurbin na uban, rufe shi kawai yake yi: in ka ajiye abu na ajin ɗan a ma'ajin da aka ayyana da sunan uban, ka kira aikin, na uban ne zai amsa. Na ga ɗalibai sun ɓata yini guda a kan wannan.

Sauran harsuna kowanne da inda ya sa gaba. C# ya ƙyale abin da Java ta hana a fitowarsa ta 11 a Nuwamba 2022, inda intafes take iya neman tsayayyen aiki daga duk nau'in da ya cika ta, kuma babban abin da aka yi niyya da shi shi ne lissafi: a rubuta aikin tara lambobi sau ɗaya ya yi wa kowane nau'in lamba aiki ta hanyar `INumber`. Ko a can, ta nau'in da aka ambata a kod ake gano mai amsawa, ba ta abin da aka miƙo yayin gudana ba, don haka bai ɗauke buƙatar intafes ta yau da kullum ba. PHP ya daɗe yana barin intafes ta nemi tsayayyen aiki. Masu amfani da Laravel, tsarin gina shafuka da PHP, waɗanda suke da yawa a cikin matasanmu masu gina shafukan kasuwanci, su lura cewa kira irin `Mail::send` kama kawai yake da tsayayyen aiki, a ɓoye ana miƙa shi ga wani abu da ake iya musanyawa, shi ya sa `Mail::fake()` yake yiwuwa a gwaji. Wanda ya kwaikwayi siffar rubutun a nasa ajin ba tare da wannan ɓoyayyen tsari ba, ya ɗauki fatar ya bar naman. Kotlin kuwa ba shi da kalmar `static` kwata-kwata, yana barin ka rubuta aiki a fili ba tare da aji ba, ko ka sa shi a cikin abin da ke rakiyar ajin.

Intafes ma tana da nata kuɗin shiga. Duk wadda ka ƙara, mai karatu zai yi tsalle ɗaya kafin ya ga inda ake aikin na gaskiya, kuma na sha buɗe manhajar da kowane aji a cikinta yake da intafes tasa, kowace intafes kuma aji ɗaya tak ne yake cika ta, an ninka fayiloli ba a ƙaru da komai ba. Sannan alkawari yana da wuyar sauyawa bayan mutane sun ɗauka: in ka ƙara aiki a intafes, duk ajin da ya cika ta ya karye sai an gyara shi, kuma wannan matsala ce ta sa Java 8 ta ƙirƙiro ayyuka masu kalmar `default`, domin a iya ƙara `stream` a kan `Collection` ba tare da an rushe kod ɗin duniya ba. Batun sauri kuwa, wanda matasa suke son kafa hujja da shi, bai cancanci dogon zance ba. Kiran tsayayyen aiki ya ɗan fi sauƙi a kan na'ura, amma injin Java yana lura da kiran intafes da kullum aji ɗaya yake amsawa ya gajarta shi, kuma a manhajar da ke jiran banki ya amsa, babu mai jin wannan bambanci.

Haɗarin da ya fi wannan girma yana ɓangaren tsayayyu, wato ajiye bayani mai sauyawa a ma'ajin da aka sa wa `static`. Irin wannan ma'aji ɗaya ne tak ga manhajar gaba ɗaya. Idan ka ajiye "faturar da ake kai yanzu" a cikinsa, komai zai tafi daidai muddin mai karɓar kuɗi ɗaya ne, amma ranar da aka ɗora manhajar a sabar guda, mutum biyu suna ciniki a lokaci ɗaya a tsakiyar cunkoson Ramadan, dabinon wannan zai faɗa a faturar wancan, kuma kuskuren ba zai taɓa bayyana a kwamfutarka ba lokacin da kake nemansa kai kaɗai.

Ga wanda har yanzu yake shakka a kan wani aiki, yana da kyau ya duba wane kuskure ne ya fi sauƙin gyarawa. Tsantsar lissafin da aka tsayar, idan daga baya ya buƙaci musanyawa, Java tana barin a miƙa shi a matsayin mai cika intafes mai alkawari ɗaya ta hanyar rubuta `Lissafi::haraji`, ba sai an sake shi ba. Amma kiran banki ko agogo ko rumbun bayanai da aka tsayar kuma aka watsa a wuri hamsin, ciro shi aikin makonni ne. Saboda haka ni nakan fara da tsayayyen aiki ga duk abin da amsarsa ta dogara kacokan ga abin da aka ba shi, in fara da intafes ga duk abin da ya leƙa waje, in kuma jinkirta sauran har sai na ga fuska ta biyu da idona.

Manhajar shagon yanzu tana da intafes uku, ta haraji da ta biya da ta na'urar buga fatura, ga agogon da ake miƙowa daga waje, sauran kuwa tsayayyun ayyuka ne da ajujuwa na yau da kullum. Da Disamba 2021 ta zo, yaron ya ƙara aikin QR a yamma ɗaya bai kira ni ba. Ya kuma rubuta aji na musamman don masu karɓar kaya bashi, mai cika `HanyarBiya` kamar sauran, amma har yau ba a taɓa amfani da shi ba, domin yayana ya ce bashin maƙwabta ba ya shiga kwamfuta, yana nan a littafinsa mai baƙin bango a ƙarƙashin kanta.